Littafin aiki: gwajin sababbin furosesa huɗu a zafin Damagaram

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Kaya sun iso daga Kano ta hanyar Magariya, an buɗe kwalaye an duba, babu abin da ya fashe. Aikin shi ne zaɓar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda za a sa wa kwamfutocin tebur huɗu na wani ɗakin tace bidiyo da ke Zango, inda ake haɗa bidiyon biki da suna da wa'azi, a kuma buga takardu da gyara hoto in aikin bidiyo ya yi sauƙi. Fanka ce kawai a ɗakin, kuma in kuran, wato wutar gari, ya tafi, batir da faifan sola ne ke riƙe shi. Don haka abin da za a auna shi ne yawan aikin da kowace furosesa ke gamawa da wutar da ta sha, a ɗakin da zafinsa ke kai digiri 40 da azahar.

Daga AMD akwai Ryzen 5 9600X mai ƙwaya 6 da zare 12, da Ryzen 7 9700X mai ƙwaya 8 da zare 16. Ƙwaya ita ce sashen furosesa da ke yin lissafi, zare kuma layin aikin da take ja. Dukansu ƙirar Zen 5 ne, sun fito a Agustan 2024, suna zama a gurbin AM5. Daga Intel akwai Core Ultra 5 245K mai manyan ƙwayoyi 6 da ƙanana 8, da Core Ultra 7 265K mai manya 8 da ƙanana 12, waɗanda suka fito ranar 24 ga Oktoba 2024 a sabon gurbin LGA1851. A wannan zubin Intel ta daina sa zare biyu a ƙwaya ɗaya, shi ya sa 245K ke da zare 14, 265K kuma 20. Kuɗinsu ranar fitowa, bi da bi, 279 da 359 da 309 da 394 ne, da dalar Amurka ke nan, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Lambar wat da ke jikin kwali tana ruɗin mutane. An rubuta wa Ryzen ɗin biyu wat 65, amma iyakar da babban allon kwamfuta ke ba su da gaske, wadda ake kira PPT, wat 88 ce. Na Intel an rubuta musu 125, alhali an yarda 245K ta sha har 159, 265K kuma har 250. Wanda ya sayi ondiler, wato na'urar da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, bisa lambar kwali zai ji kukansa.

Sauran kayan iri ɗaya ne ga kowa: ram, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, DDR5 sanda biyu masu giga 16, gudun 6000; SSD na NVMe tera 1; katin hoto ɗaya da za a riƙa cirewa ana mayarwa; akwatin wuta mai wat 750; Windows 11 zubin 24H2, wanda ya zo da gyaran da ke ƙara wa Ryzen gudu. Babban allo, wanda masu gyara a nan ke kira katmer, guda biyu ne: B650 na AMD da B860 na Intel. Ko ɗaya daga cikin furosesa huɗun ba ta zuwa da abin sanyaya a kwali. An sayi na iska mai hasumiya biyu, bututu 6 da fanka biyu masu milimita 120. An ƙi na ruwa da gangan: in famfonsa ya mutu, madadinsa na Kano ko Yamai, ita kuwa fanka ana samunta cikin gari.

Laraba, 9 ga Afrilu

Haɗawa ta ci yini biyu maimakon ɗaya.

Allon B650 ya girmi Ryzen 9000, saboda haka tsohon BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke tayar da allon, bai san 9600X ba. Aka danna, fanka na juyawa, babu hoto. Maganin yana bayan allon: wani ɗan maɓalli da ƙofar USB ta musamman da ke sabunta BIOS ko babu furosesa. Ana tsara kile na USB da FAT32, a zuba fayil ɗin shi kaɗai ba cikin jaka ba, a canza masa suna yadda littafin allon ya faɗa, a jona wayar wuta mai fil 24 da mai fil 8, a danne maɓallin har fitila ta fara ƙyaftawa. Daga nan hannu ya koma aljihu har ta mutu da kanta. Wannan aikin ba a yinsa sai kan ondiler, domin in kuran ya ɗauke a tsakiya, allon na iya zama faranti. Allon Intel ma an sabunta shi zuwa BIOS mai maikurokod 0x114, wato umarnin cikin furosesa, wanda ya fito farkon 2025 don gyara raunin gudu da aka gani a makonnin farko na waɗannan furosesa.

Bayan sabuntawa allon AMD ya sake zama baƙi ƙirin na ƴan mintuna. Wannan ba cuta ba ce. A kunnawar farko AM5 yana horar da ram, yana gwada saƙonni tsakaninsa da furosesa har ya daidaita. Mai gaggawa zai kashe ya kunna, ya mayar da horon farko, ya ce kaya sun lalace. A jira. Sandunan ram kuwa a rami na biyu da na huɗu daga furosesa ake sa su, wato A2 da B2.

Gurbin biyu duka masu ƙananan filoli ne a jikin allo, ba a jikin furosesa ba. AM5 yana da 1718, na Intel 1851, kowane siriri kamar gashi. Ana ajiye furosesar ne a hankali, kusurwa mai alamar alwatika ta dace da ta gurbi, ba a turawa, ba a zamewa. Iskar Afrilu busasshiya ce ƙwarai, jiki yana tara tartsatsi, don haka sai an taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa allo. A nan aka gano ginin ba shi da wayar ƙasa: akwatin yana ɗan cizon hannu. An kafa sandar tagulla a bayan ɗaki, aka jiƙa wurin, aka ja waya zuwa soket. Cizon ya daina.

Kuskure ɗaya ya faru da ya dace a rubuta. A kunnawar farko ta 245K, zafi ya haura digiri 70 tun a cikin BIOS, ba ta fara aikin komai ba. Da aka kwance abin sanyaya, sai ga ledar kariyar nan mai haske manne a gindinsa, man sanyaya ya baje a kanta sumul kamar an yi da gangan. Aka ɓare, aka goge da alkol, aka ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake, aka ɗaure kusoshi a gicciye, juyi biyu nan, juyi biyu can. Murfin Ryzen kuma yana da tsaguwa a gefe inda mai ke gangarawa, don haka a yi amfani da man da ba ya ɗaukar wuta, kuma kada a cika.

Litinin, 14 ga Afrilu

An fara gwaji. Kayan awo: manhajar HWiNFO don zafi da wat na furosesa, ma'aunin wat na soket don abin da kwamfutar gaba ɗaya ke ja daga bango, da ma'aunin zafi da aka rataye tafi ɗaya daga fankar gaba. Kowane gwaji ana yinsa sau biyu, da ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 3 na rana.

Ga dalilin yin sau biyu. Abin sanyaya na iska ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa ya miƙa wa iskar ɗaki, kuma ƙarfin kwashewar ya dogara da tazarar da ke tsakanin zafin furosesa da zafin iskar. Iyakar Ryzen 9000 digiri 95 ce, ta Core Ultra 200S kuma 105. A ɗaki mai digiri 22, irin wanda masu gwajin Turai da Amurka ke zama ciki, Ryzen na da tazarar 73. A ɗaki mai 40, tazarar 55 ce. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi tun ba a kunna ba. Ta Intel tana faɗowa daga 83 zuwa 65. Jadawalin da ake gani a intanet ba ƙarya ba ne, sai dai an cire shi a wani gari.

Cinebench 2024, manhajar auna gudun furosesa, gwajin ƙwaya ɗaya: huɗun sun zo kusan kai ɗaya, bambancin ba wanda ido zai gani wajen buɗe takarda ko shafin intanet ba ne. Gwajin dukan ƙwayoyi kuwa 265K ta tsere wa kowa da nisa, 245K ta bi ta, sai 9700X, sai 9600X. Ba abin mamaki: ƙwaya 20 da 8 ba sa'o'in juna ba ne, ko da ƙananan ne suka fi yawa. Ƙananan ƙwayoyin wannan zubin, da ake kira Skymont, sun yi ƙarfi sosai fiye da na baya.

Wajen rana ne labari ya ɗan canza. An tsawaita gwajin zuwa minti 30, domin na minti 10 yana ƙarewa kafin ƙarfen sanyaya da iskar cikin akwati su cika da zafi. Ryzen biyun a wat 88 ba su kusanci iyakarsu ba, sakamakonsu na safe da na rana ɗaya ne. 245K ta yi zafi amma ta riƙe. 265K da aka sakar mata linzami ta kai 105, ta fara rage gudu da kanta tana ƙarawa, yadda aka ƙera ta ta yi, fanka biyun na ihu. Har a hakan ita ce ta ɗaya. Amma furosesar da ke yini a bakin iyakarta tana gasa ram da SSD da ke kusa da ita, tana kuma gasa wanda ke zaune a gabanta.

Asabar, 19 ga Afrilu

Wannan makon ya tafi ne kan ɗaure wat, kuma nan ne ribar aikin take.

A BIOS na Intel akwai iyaka biyu, PL1 ta dogon aiki da PL2 ta ɗan lokaci. An daidaita su biyun a lamba ɗaya aka gwada 265K a wat 250, da 160, da 125, da 88. Abin da aka rasa daga 250 zuwa 125 kaɗan ne idan aka kwatanta da rabin wutar da aka yanke. Dalilin a fili yake: megahaz na ƙarshe su suka fi tsada, don kowane ƙarin gudu yana buƙatar ƙarin bolt, wutar da ake sha kuma tana hawa da bolt sau bolt. Ƙwayoyi masu yawa da ke tafiya a hankali sun fi kaɗan masu tsere tattalin wuta. Ko a wat 88, daidai da na 9700X, 265K ba ta sauka ƙasa da ita ba a aikin dukan ƙwayoyi. A 125 kuwa zafinta na rana ya zauna nesa da iyaka, fanka ta yi shiru.

An gwada akasin haka ga AMD. BIOS mai AGESA 1.2.0.2 ya zo da zaɓin wat 105 ga 9600X da 9700X, ba tare da garanti ya faɗi ba. Zaɓin yana ɗaga PPT daga 88 zuwa 142, ƙarin da ya haura kashi 60 cikin 100, kuma AMD da kanta ƙarin gudun da ta faɗa bai wuce kashi 10 ba. A ɗakin sola wannan ciniki ne na asara. An kashe shi.

Lissafin da mai batir ya kamata ya riƙa yi shi ne wat sau lokaci. A matsayin misali: aikin da ya ɗauki minti 10 a wat 250 ya sha wat-awa 42, in ya ɗauki minti 12 a wat 125 ya sha 25. Minti biyu aka bayar aka karɓi wat-awa 17. Batir na ɗakin biyu ne masu bolt 12 da amfiya-awa 200, a jere, wato wat-awa 4800 a takarda. Batirin dalma ba a zuƙe shi ƙasa da rabi in ana son ya yi shekaru, saura 2400, inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta soket, ita ma ta ci nata, a ce saura 2100. Kwamfuta mai jan wat 350 daga bango za ta cinye wannan cikin awa 6, mai jan 200 kuwa ta kai awa 10 da rabi. Wannan na guda ɗaya ne, ɗakin kuwa huɗu zai ɗauka.

Abu biyu game da wuta da suka taso. Ondiler mai 1000 VA ba wat 1000 ba ne, yawancin ƙananan wat 600 suke ɗauka. Sannan akwatunan wuta na zamani ba su jituwa da inbata mai matakalar igiya, sai mai tsarkakakkiyar igiya. Da aka gwada da tsohuwar inbatar ɗakin, kwamfuta ta mutu daidai lokacin sauyawa daga kuran zuwa batir. A duba takardar akwatin wutar kuma: na kirki ana faɗin cikakken ƙarfinsu a digiri 40 ko 50, masu araha a ƙasa da haka, wanda ke nufin a Damagaram ba su kai abin da aka rubuta ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

HandBrake, mai sauya tsarin fayil ɗin bidiyo, ya rufe kansa sau biyu a gwajin rana, bai taɓa yi da safe ba. MemTest86, mai gwada ram, da safe ya wuce lafiya, da azahar ya fara jero kurakurai a zagaye na biyu. Ram ne. Gudun 6000 da ake kunnawa a BIOS da zaɓin EXPO na AMD ko XMP na Intel yana ɗaga sandunan daga bolt 1.1 zuwa 1.35, kuma DDR5 yana ɗauke da mai daidaita wutarsa a jikinsa, wanda shi ma zafi yake fitarwa. Hasumiyar gaba ta abin sanyaya ta rufe sandunan, iska ba ta ratsa su. Ram mai zafi yana saurin zubar da cajin da ke riƙe bayanai.

An ɗaga fankar gaba sama kaɗan, aka ƙara wata mai milimita 120 a rufin akwati tana hura kan sandunan. Zagaye huɗu na rana sun wuce babu kuskure. In da bai yi ba, sai a sauko zuwa 5600, wanda shi ne gudun da AMD ta lamunce wa Ryzen 9000 a hukumance. Na Intel 6400 ne. Asarar ba ta kai ta bidiyon biki da ya lalace a minti na 50 ba.

Asabar, 3 ga Mayu

An bar gwaje-gwajen awo aka koma ainihin aikin ɗakin: bidiyon awa ɗaya daga kyamara biyu, da tarin hotuna.

A tace bidiyo Intel ta yi fice, kuma ba yawan ƙwaya kaɗai ba ne. Ɗan sashen hoto da ke cikin furosesar yana da Quick Sync, wanda ke warware H.264 da HEVC da kansa, har da HEVC mai 4:2:2 da bit 10 da sababbin kyamarori ke ɗauka. Jan bidiyo gaba da baya a kan layin tacewa ya fi santsi. Sharaɗi biyu: kada a sayi mai harafin F a ƙarshe, irin 265KF, don an kashe mata wannan sashen, kuma in an sa katin hoto, wasu alluna suna kashe sashen da kansu, sai an shiga BIOS an kunna. A Photoshop kuwa 9700X ce gaba, har ta wuce 265K. Gyaran hoto ba ya rarraba aiki ga ƙwaya 20, ƴan kaɗan masu kaifi yake so, Zen 5 kuma nan ne gidanta.

Abin da ba a cika kawowa a jadawali ba shi ne zaman banza. Kwamfutar ɗakin buga takardu rabin yininta jira take, ko ana buga wasiƙa. A wannan halin ma'aunin bango ya nuna na Intel sun fi na AMD ƙarancin sha. Ryzen na tebur guntaye biyu ne a ƙarƙashin murfi, na ƙwayoyi da na shige da fice, kuma na biyun ba ya barci sosai, balle an kunna EXPO. Bambancin ƴan wat ne, amma a ninka shi da awa 10 da kwamfuta uku.

Masu gidajen wasa sun tambaya, don haka a taƙaice: a wasanni 9700X tana ɗan gaban 265K, wadda ta fi su duka kuwa ita ce Ryzen 7 9800X3D da ta fito 7 ga Nuwamba 2024, saboda ma'ajiyar kusa mai mega 96 da take da ita, inda 9700X ke da 32. Amma da katin hoto matsakaici, katin ne ke tsayar da gudu, kuɗin ya fi amfani a can.

An kuma kawo tayin Core i7 na zubi na 13 da na 14, na hannu, da araha. An ƙi. Intel ta tabbatar a 2024 cewa yawan bolt yana lalata wasu daga cikinsu sannu a hankali, ta fitar da maikurokod 0x129 a Agusta da 0x12B a Satumba, ta ƙara shekara biyu a garanti. Gyaran yana kare wadda ba ta lalace ba, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, kuma ta hannu ba a san irin wahalar da ta sha ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Iska mai ƙura ta taso daren Asabar, irin mai share wa damina hanya. Da safe ragar gaban akwatin gwaji ta yi ja wur, ana iya rubutu da yatsa a kanta, zafin furosesa ya ƙaru a aikin da bai canza ba. An wanke ragar, aka busa hasumiya da abin hura iska, ana riƙe da fanka da yatsa kada ta yi juyin da zai kashe ta. An gyara tsarin iska: fanka uku na shigarwa ta bayan raga, ɗaya na fitarwa, don iskar ciki ta fi ta waje matsi, ƙura ta daina shiga ta tsaguwa. Akwatunan kuma za su hau tebur, ba za su zauna a ƙasa ba.

Shawarar da aka tsayar: kwamfutar tace bidiyo guda ɗaya za ta ɗauki 265K, a ɗaure a wat 125. Ta gyaran hoto za ta ɗauki 9700X a wat 88 ɗinta. Akwai ƙarin dalili a nan: AMD ta yi alkawarin riƙe gurbin AM5 har 2027 da bayanta, don haka allon zai karɓi wata furosesar nan gaba. Biyun da suka rage na buga takardu ne, kuma ko ɗaya cikin huɗun nan ta fi ƙarfin aikinsu. An aika a kawo Ryzen 5 8600G, wadda ke da sashen hoto Radeon 760M a cikinta kuma guntu ɗaya ce, don a ga ko za ta yi aikin ba tare da katin hoto ba, a kuma auna shanta a zaman banza. Za a gwada ta a allon B650 ɗin nan. Sabuwar inbata mai tsarkakakkiyar igiya ba ta iso ba tukuna, don haka gwajin kwamfuta huɗu a kan batir lokaci ɗaya yana jiranta.